Takobin 'Yar Fari

Ni fa tun farko ban ga abin da ya haɗa 'yar Hausawa da zare takobi ba. Amma Khaulah ta nace, ubanta ya amince kafin ya koma Kano, ni kuma da ba a nemi shawarata ba aka ɗora mini rakiya. Duk Asabar sai mu bar gida a Sri Petaling, mu hau jirgin ƙasa, mu sauya wani, mu sauka a Cheras, sannan mu kama matattakalar wani tsohon bene da ake sayar da kayan famfo a ƙasansa. A can sama makarantar take.

Khaulah ɗiyar yayata ce, Yaya Hannatu, kuma ita ce 'yar farinta. Tana firamare aka zo da ita Malesiya, lokacin da Yaya ta zo digiri na biyu, ta zarce na uku, ta tsaya koyarwa. Ni sai daga baya na biyo su nawa karatun, na tarar yarinya ta zama budurwa. Hausa tana ji sarai, amma ka yi mata magana sai ta mayar maka da Turanci ko Malayanci. Ka kira ta, ta ce "Yes?" kamar ma'aikaciyar banki. Na yi faɗa a kan wannan har bakina ya gaji.

Abin da suke koya ana ce masa aikido, wata kokawa ce ta Japanawa wadda ba naushi ba shuri. Mutum ya kawo maka cafka, ka kauce, ka juya shi ya faɗi da ƙarfin kansa. Malamarsu, Sensei Tan, wata tsohuwa ce 'yar Sin, siririya, marar yawan magana. Ita ta ce duk motsin da suke yi da hannu tsura daga takobi aka ɗauko shi, don haka in sun gama kayar da juna sai kowa ya soke takobinsa a ɗamara, a yi ta zarewa, a sari iska, a mayar kube. Sauran ɗalibai sukan duƙa wa takobin kafin su ɗauka. Musulmai ta yafe musu, hannu a ƙirji kawai suke sawa. Da ba haka ba, da tun ranar farko na ja hannun yarinyar mun sauko.

Zaman benci ya sa har na haddace wani darasi nasu. Abokin karawa zai damƙe maka ƙotar takobi da hannu biyu don kada ka zare. Duk wanda ya ja, sai Sensei ta buga tafinta a cinya. Ta ce in ka ja shi ma ja zai yi, kuma a haka za ku wuni. Abin da take so shi ne ka bar gabansa ka shige gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ka fuskanci inda yake fuskanta. A nan hannunsa zai saki da kansa. A tsaye suna yi, a durƙushe ma suna yi, suna jan gwiwa a kan shimfiɗar robar da aka malale ɗakin da ita.

Da takobin itace kowa yake farawa. In Sensei ta gamsu da ɗalibi sai ta sa masa ranar karɓar na ƙarfe, wanda ba shi da kaifi amma yana da nauyi da tsini. Kuma tana da wata al'ada da ita ta ƙirƙiro abarta. Ranar, uwa ko uba zai zo ya durƙusa a gaban ɗansa, ya ɗora takobin a tafukansa, ya kira sunan ɗan a gaban kowa. Ɗan ya amsa da "hai," wato na'am ɗin Japanawa, ya karɓa. Wai don iyaye su san abin da zai shiga gidansu.

Wata Asabar da aka tashi, Sensei ta ce mako mai zuwa Khaulah ce da wani yaro Aiman. Na yi zaton tsalle Khaulah za ta yi. Sai ga mu zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan tasha, ta tasa gurasar roti a gaba tana yagarsa ƙanana-ƙanana ba ta ci.

"Anti Murja," ta ce, "kin taɓa jin Umma ta kira sunana?"

Na yi dariya. "Ke kuma yau wace sabuwa ce? 'Yar fari ce ke. Wace uwa kika ga tana kiran 'yar fari gatsal?"

"Na sani, kunya ce, kara ce, an sha gaya mini." Rabin maganar da Turanci take yi, ni nake mayar muku da ita. "Ƙanwata Kamila fa? Daga safe zuwa dare Kamila, Kamila. Ni kuwa ke, yarinyar nan, waccan. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta duk iyaye suka miƙe, ita ƙasa take kallo. Ƙawata ta tambaye ni ko riƙona ake yi."

"Ƙawar taki ba ta da tarbiyya."

"Ba ta kallona ma, Anti. Ko a gida."

Na buɗe baki zan kawo mata tarihi, ta riga ni. Ta ce ta samu gurbi a wata kwaleji a nan, har da ɗakin kwanan ɗalibai, kuma Abbanta ya bar mata zaɓi, ko ta zauna ko ta bi mu gida a watan Disamba, tunda aikin Yaya ya ƙare, nawa karatun ma ya zo ƙarshe.

"In ta kira ni ranar Asabar, zan bi ku. In ba ta kira ba, na zauna. Ba zan je ƙasar da ban sani ba in bi matar da ban tabbatar tana sona ba." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma in kika gaya mata, ko ta kira ban karɓa ba. Ki rantse."

Na rantse. Ni da bakina ba ya riƙe magana, aka ba ni wannan in riƙe mako guda.

Gidan a lokacin ya koma kamar sito. Kwalaye ko'ina, ana ta ɗaure kayan da za a tura ta jirgin ruwa. Akwai wani dogon kwali siriri da Yaya ta jingine a bayan ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi, kullum sai na ce a fitar da shi, kullum sai ta ce a bar mata abinta. Washegari na same ta a kicin tana naɗe kofuna a tsofaffin jaridu, na faɗa mata batun Asabar da al'adar Sensei.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To ai sai ki je ki miƙa mata. Ke ce uwarta."

"Ni na haife ta?"

"Murja, kin san yadda ake yi."

"Na san yadda ake yi a Kano. A Kano in uwa ta kau da kai, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai inna, gida cike da masu lallashi. Nan fa? Shekara da shekaru ba dangi ko ɗaya, sai ku a ɗaki a saman bene, maƙwabta suna kiran 'ya'yansu sayang, wato abin ƙaunata, tana ji ta taga. Wa zai gaya mata abin da shirunki yake nufi?"

"Iya da ta haife mu ta taɓa kiran sunana? Har ta koma ga Allah ban ji ba. Na lalace?"

"Ke kowa a unguwarmu haka uwarsa take yi masa. Ita kuwa ita kaɗai ce a ajinsu."

Ta ci gaba da naɗe kofi. Raina ya ɓaci, na ce mata ni dai ba zan miƙa takobin nan ba ko za a yi me, na fita na banko ƙofa, dogon kwalin nan ya faɗo mini a ƙafa.

Makon nan ban zauna ba. In na je jami'a a Jalan Semarak sai in buɗe kwamfuta in rufe, in sauko in sha shayi, in koma, in tarar ban san abin da na karanta ba. Sau nawa na ɗauki waya zan kira uban yarinyar in ajiye. Rantsuwa ce ta ɗaure ni, ga tsoro. Na san irin zuciyar Khaulah, tamu ce ta gado. In ta zauna a garin nan da wannan ƙullin a ranta, ba karatu kaɗai za ta yi ba, nisa za ta yi da mu har abada.

Ranar Talata dabara ta faɗo mini. Na kira Sensei Tan na yi mata bayanin al'adarmu, ina fatan ta ce ita fa dole sai uwa, in samu abin da zan tsare Yaya da shi. Tsohuwar nan ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Boleh, ba matsala. Anti ma ta isa." Na yi mata godiya ina cizon yatsa. Mutum ya zo neman a yi masa taurin kai, a yi masa sauƙi.

Ranar Alhamis da yamma Khaulah ta fita da Kamila sayo abinci. Ina jin sun shiga lif na ɗauko muciya na dangwara wa Yaya a hannu, na durƙusa a gabanta a tsakiyar kwalaye.

"Ga takobi. Ni ce ita. Kira ni."

"Murja, ba ki da hankali."

"Na sani. Kira ni."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ƙi tashi. Da ta ga da gaske nake, sai dariyar ta ɗauke. Ta gyara riƙon muciyar, ta sunkuyar da kai, ta ja numfashi. Na ga leɓenta ya motsa, na ga maƙogwaronta ya yi sama ya dawo. Ba abin da ya fito. Ta sake, haka. Sai ta ajiye muciyar a kan kwali a hankali.

"Ba ƙi nake yi ba," ta ce. "Wallahi bakin ne ba ya buɗewa. Ko ke ce a gabana, ita nake gani, sai in ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa." Ta dubi kwalayen. "Kin lura ba ta saka komai nata a kwali ba? Ko takalmi ɗaya."

Matar da aka ce ba ta kallo. Na ce ban lura ba, na tashi na shige banɗaki don kada fuskata ta tona ni. Tausayinta ya kama ni, kuma haushinta bai sake ni ba.

Asabar ta zo da ruwan sama tun hantsi. Khaulah ta goge baƙin bujen da suke ɗaurawa, mai tattara kamar siket, ta ninke a jaka. Ni ina ta safa da marwa tsakanin ɗaki da falo, na saka takalmi na cire, na nemi lema alhali tana hannuna. Har mun kai ƙofa sai ga Yaya ta fito da hijabinta mai ruwan toka, ta ce wa Kamila ta kulle gida ta zauna wajen maƙwabta. Ba ta ce ga inda za ta ba, mu ma ba mu tambaya ba. A jirgi ta zauna can ƙarshe, 'yarta ta tsaya a bakin ƙofa, ni a tsakiya ina kallon wannan ina kallon waccan.

Ɗakin ya cika da iyaye da 'yan kallo. Aka fara da Aiman. Ubansa, wani ƙaton Bamalaye mai fara'a, ya durƙusa da kyar, ya ɗaga takobi, ya kira sunan ɗansa da muryar da ta cika ɗakin. Yaro ya ce "hai," ya karɓa, aka tafa, uban ya rungume shi. Na ce a raina, kai kuma ka ɓata mana, sai da ka yi abin da kyau haka.

Sensei ta dube mu. Na ƙanƙame bencin da hannu biyu. Yaya ta miƙe, ta cire takalmi, ta taka shimfiɗar kamar mai taka ƙaya, ta durƙusa inda aka nuna mata. Aka ɗora mata takobin a tafuka, baƙin kube mai sheƙi da igiyarsa a naɗe. Khaulah ta zo ta durƙusa a gabanta, bayanta a miƙe, idonta cikin fuskar uwar, yadda aka koya musu su kalli wanda ke gabansu. Yaya kuwa kanta a ƙasa.

Shiru. Ba ka jin komai sai fanka da ruwa a kan rufi. Wani jariri ya yi ƙorafi, uwarsa ta jijjiga shi. Baban Aiman ya yi murmushi yana gyaɗa wa Yaya kai, wai ƙarfafa mata gwiwa yake yi. Ni gumi ya jiƙa mini baya. Ina ganin leɓen Yaya yana motsi kamar ranar muciya, ina cewa a zuci, Yaya ki taimake mu, kalma ɗaya ce, ko da raɗa.

Sensei ta waiwayo ta dube ni, alamar in zo in canji Yaya. Na kau da kai na kalli bango. Ban taɓa yi wa tsohuwa rashin kunya irin wannan ba.

Sai na ga fuskar Khaulah ta sauya. Ba kuka ba, ba fushi ba, fuskar wanda ya gama yanke shawara. Ta miƙa hannu biyu ta kama takobin, za ta ɗauke abinta a wuce wurin. Na ce shi ke nan, mun rasa yarinyar nan.

Takobin bai taho ba. Yatsun Yaya sun naɗe kuben, sun damƙe. Khaulah ta ja, uwar ta ƙara riƙewa, kanta har yanzu a sunkuye. Ba ta iya kira ba, kuma ba ta yarda a karɓa ba a kira ba. Khaulah ta sake ja da ƙarfi har hijabin uwar ya motsa.

Sensei ta buga tafinta a cinya. Sau ɗaya.

Khaulah ta tsaya cak. Ta dubi hannuwan da suka riƙe mata takobi, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta sassauta nata riƙon ba tare da ta saki ba, ta ɗaga gwiwa ɗaya, ta ja jiki, ta juya kamar yadda na sha ganin tana yi duk Asabar. Sai ga ta a gefen uwarta, kafaɗarta ta taɓa tata, su biyun suna fuskantar taga, takobin a kwance a kan cinyoyinsu. Ba mai kallon wani.

Daga inda nake bayansu kawai nake gani da gefen fuskar Yaya. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na ga ta ɗan karkata kai, idonta a kan ruwan da ke bin gilashi, bakinta ya motsa. Ban ji abin da ta ce ba, kuma ba na jin akwai wanda ya ji a ɗakin nan in ba mutum ɗaya ba.

"Na'am," in ji Khaulah.

Ba "hai" ba, ba "yes" ba. Ba ta ɗaga murya ba amma kowa ya ji. Yatsun Yaya suka buɗe. 'Yan kallo suka dubi Sensei don su ji ko hakan ya yi, ita kuwa ta gyaɗa kai kawai ta nuna wa Khaulah tsakiyar fili. Yarinya ta soke takobin a ɗamara, ta zare, ƙarfen ya yi wani siririn kuka a iska, ta mayar da shi kube ba tare da ta kalli hannunta ba. An ce ta yi kyau. Ni ban gani sosai ba, ina fama da gefen mayafina, baban Aiman yana miƙo mini tishu.

Da muka sauko ruwa ya tsagaita. Na so in yi magana, na rasa ta inda zan fara, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. A jirgi muka samu kujera uku a jere, na yi maza na zauna a ƙarshe don kada a saka ni a tsakiya. Khaulah ta rungume doguwar jakar takobinta, bakin jakar yana ta zungurar ƙarfen da ake riƙewa.

"Ke," in ji Yaya, tana kallon taga, "riƙe abin nan da kyau kada ki tsone wa mutane ido."

Na ji kamar in shaƙe ta. Amma Khaulah ta gyara jakar ba musu. Muka wuce tasha ɗaya, muka wuce ta biyu. Sai ta leƙo ta gaban uwarta ta dube ni, ta yi magana da Hausarta mai ɗan karkata.

"Anti, ana barin takobi ya shiga jirgin sama kuwa?"

Kafin in buɗe baki Yaya ta amsa, idonta har yanzu a waje.

"Ba a hannu ba, a cikin kaya ake sakawa. Na tambaya tuntuni. Kwalinsa yana nan a bayan ƙofa, in Murja ba ta ƙarasa tattake shi ba."